Ruwan da Ba Ya Ciwo: Lacca kan Kunnen Yara da Ɗan Bututun da Ake Sa Masa



Shugaban taro, malamaina, iyayena maza da mata, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure, barkanmu da warhaka. An ba ni in yi bayani a kan wani ɗan aiki da muke yi wa yara, inda ake tsaga tantanin kunne kaɗan a maƙala ɗan bututu. Da yawa a nan ba su taɓa jin labarinsa ba. Waɗanda suka ji kuwa, galibi a bakin likita suka fara ji, ranar da hankalinsu ba ya jikinsu. Uwa ta kawo ɗanta a ba shi maganin ɗigawa, sai ta ji ana zancen ɗakin tiyata. Tambayar da ke fara fita daga bakinta kusan ba ta canzawa: "Likita, in aka huda masa kunne ba zai kurumce ba?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma ba a amsa ta da kalma ɗaya. Sai mun shiga cikin kunnen tukuna.

Abin da muke gani a gefen kai shi ne mafi ƙarancin aiki. Idan aka bi ramin kunne zuwa ciki, kamar santimita 2 da rabi a jikin babba, za a tarar da wani tantani siriri wanda faɗinsa bai wuce santimita 1 ba. Shi ne dodon kunne. A bayansa akwai ɗan sarari da ake kira kunnen tsakiya, inda wasu ƙananan ƙasusuwa uku ke sarƙe da juna. Na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa kamar milimita 3. Sauti ya bugi tantani, tantani ya motsa, ƙasusuwan su miƙa motsin can ciki inda jijiyar ji take. Sharaɗin wannan aiki duka guda ɗaya ne: sararin nan ya kasance cike da iska.

Iskar kuwa ba ta ramin kunne take shiga ba, domin tantani ya toshe nan. Ta wata siririyar kafa take zuwa, wadda ta taso daga bayan hanci ta ɓulla kunnen tsakiya. Wani masanin halittar jiki ɗan Italiya, Bartolomeo Eustachi, ya yi bayaninta a ƙarni na 16, har yau da sunansa likitoci ke kiranta. A rufe take zama, sai mutum ya haɗiye yawu ko ya yi hamma ta ɗan buɗe. Alhazan da ke nan sun san ta ko da ba su san sunanta ba: ita ce ke toshewa idan jirgi ya fara sauka a Jidda, a yi ta haɗiyar yawu har a ji kunne ya ce ƙas ya buɗe. A jikin babba tsawonta kamar milimita 35 ne, kuma a gangare take. A jikin jariri kusan rabin haka ne, a kwance, ga laushi. Shi ya sa murar da babba zai yi kwana uku ya warke, a wurin ɗan shekara ɗaya sai ta zarce kunne. Shi ya sa kuma layin asibitinmu ke tsawo da zarar hunturu ya kama.

To, idan aka ce "ciwon kunne" a bakin jama'a, abubuwa uku ake nufi, kuma haɗa su wuri guda shi ke jawo yawancin ɓarnar da muke gani.

Na farko shi ne mai zafi. Yaro ya yi mura, da dare zazzaɓi ya rufe shi, ya yi ta tsala kuka yana jan kunne, ya ƙi nono. Ƙwayoyin cuta ne suka hau ta kafar nan, mugunya ta taru a bayan tantani tana tura shi. An fi ganinsa tsakanin wata 6 da shekara 2. Wannan ba ya ɓuya, gida duka ba mai barci. Ana ba da farasitamol domin zafin, likita kuma ya duba shekarun yaron da tsananin abin ya yanke ko za a ba da antibayotik, wanda galibi amokzisilin ne.

Na biyu shi ne kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni, har ƙuda na bin yaro. Zan dawo kansa.

Na uku shi ne ya kawo ni nan yau. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da ke fita. Kafar iska ta toshe, fatar da ke cikin kunnen tsakiya ta shanye 'yar iskar da ta rage, tantani ya lotsa ciki, sai ruwa ya fara tsattsafowa ya cika sararin. Tun yana tsinkakke har ya yi kauri da yauƙi. Sau da yawa ragowar ciwon nan ne mai zafi. Wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka ya nuna cewa bayan ciwon ya lafa, kamar kashi 70 cikin 100 na yara suna da sauran ruwa bayan mako 2, kashi 40 bayan wata 1, kashi 10 har bayan wata 3. Wani lokaci kuma haka kawai yake taruwa, yaron bai taɓa kukan kunne ba. Yawancin yara, har kusan 9 cikin 10, sukan yi irin wannan ruwa aƙalla sau ɗaya kafin su isa shiga makaranta, kuma a mafi yawansu da kansa yake bajewa.

Amma ku dubi wanda nasa bai baje ba. Ruwan kan rage ji da kamar desibel 25 zuwa 30. Wanda ke son ya san yadda abin yake, ya sa yatsu ya toshe kunnuwansa biyu yanzu, ya ci gaba da saurarona. Za ku ji ina magana, amma ƙarshen kalmomi zai riƙa ɓace muku, in kuma na kusa da ku ya yi tari, jimlar ta tafi. Haka yaron nan ke kwana ya tashi. A ɗaki shiru, uwarsa na gabansa, yana ji sarai, shi ya sa in muka ce ba ya ji sosai sai ta ce, "Haba likita, ai ko ledar biskit aka taɓa yana ji." Gaskiya ta faɗa. Amma a kai shi makarantar allo da yamma, yara kowa na ɗaga murya da nasa karatu, malam ya biya masa daga nesa, a ce ya bambance sinun da shinun da sadun. Ko a zaunar da shi a bencin baya a ajin da ke cike maƙil, taga a buɗe, babura na wucewa. Za ku ga ya ƙura wa bakin malam ido, ya karkato da kai gefe guda, in an tambaye shi ya ce "na'am?" sau biyu, sannan ya dubi na kusa da shi ya kwaikwayi abin da yake yi. A gida a kira shi daga tsakar gida bai amsa ba. Sai a ce kunnen ƙashi gare shi, ko a ce daƙiƙi ne, wani ma ya sha bulala. Wannan ne ke ci mini rai a cikin al'amarin nan fiye da komai. Yaro bai san cewa sauran mutane sun fi shi ji ba, balle ya kawo ƙara. Mu ne za mu lura.

Gano shi ba wuya. Likita ya leƙa da 'yar tocilar duba kunne, ya ga tantanin ya dushe, ya yi launin ɗorawa-ɗorawa, wani lokaci har ƙananan kumfa ake hangowa a bayansa. Akwai wata na'ura da ake toshe ramin kunne da ita na 'yan daƙiƙoƙi, ta auna ko tantani na motsi. In akwai ruwa sai ta zana layi a miƙe maimakon tudu. Sai kuma gwajin ji, wanda ake yi wa yaro daidai da shekarunsa, ko jariri ne. Ina roƙon iyaye su riƙe wannan: kada a yarda a yi wa yaro aiki saboda ruwan kunne ba a gwada jinsa ba.

Tunanin huda tantani ba sabo ba ne. Wani likitan tiyata a Landan, Astley Cooper, ya ba da rahoto a 1801 cewa ya huda dodon kunnen wasu marasa lafiya jinsu ya dawo. Matsalar ita ce tantanin kunne yana da saurin warkewa. Cikin 'yan kwanaki hudar ta rufe, ruwa ya sake taruwa. Likitocin ƙarni na 19 sun yi ta neman abin da zai riƙe hudar a buɗe, cikinsu har da Adam Politzer na birnin Biyana, wanda ya gwada ɗan zoben roba mai tauri, amma ba a dace ba, domin ba antibayotik a lokacin kuma kunnuwan kan ruɓe. Sai a 1954 wani likitan kunne Ba'amurke, Beverly Armstrong, ya dawo da dabarar da ɗan bututun roba irin ta zamani, ta kuma karɓu. A 2006 a Amurka kaɗai an sa wa yara fiye da 600,000, kuma shi ne aikin da aka fi yi wa yara a can a sallame su a ranar. A asibitocinmu za ku ji likitoci na ce wa bututun giromet.

Girmansa, in na ɗora shi a kan yatsana, na layi na uku ba zai gan shi ba. Ramin da ke tsakiyarsa bai fi milimita 1 da 'yan kai ba, yana da ɗan baki a kowane gefe domin ya riƙe tantani. Ana yin sa da roba mai santsi ko silikon, wani kuma da ƙarfen titaniyom. Mutane kan ɗauka magudana ce da ruwa zai riƙa bi yana fita. Ainihin aikinsa shigar da iska ne. Iyayena mata sun san gwangwanin madara: in aka yi masa huda ɗaya, sai an yi ta girgizawa yana ɗiga da ƙyar, a ƙara ta biyu a ɗaya gefen, iska ta shiga, madara ta zubo salin-alin. Bututun shi ne huda ta biyu. Da iska ta samu shiga, fatar cikin kunne sai ta daina tsattsafo da ruwa, ta koma yadda take, har yaro ya girma kafarsa ta asali ta iya aikinta.

Ga yadda ranar aikin take. Ana hana yaro abinci kamar awa 6 kafin lokaci, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2, ko yadda mai ba da maganin barci ya tsara. A nan ina jan kunnen kakanni musamman, cikin girmamawa: tausayin "ɗan ba shi koko kaɗan, ba wanda zai sani" yana iya sa yaro ya yi amai yana cikin barci, aman ya shiga huhu. In an ba shi wani abu, a faɗa, a ɗaga aikin. Ba abin kunya ba ne. A ɗakin tiyata ana ɗora masa 'yar robar shaƙa a hanci da baki, ya yi barci. Likita ya karkatar da kan, ya leƙa ramin kunnen da madubi mai ƙara girman abu, ya share dauda. Sannan ya ɗauki wata 'yar wuƙa siririya ya yi tsaga kamar milimita 2 a ɓangaren ƙasa na tantanin, nesa da ƙasusuwan nan uku. Ya sa bakin na'urar zuƙa. Wani ruwan yana fita nan take. Wani kuwa don kauri sai ka ga ya biyo bakin na'urar yana miƙewa, ka yi ta ja a hankali kafin ya saki. A nan mutum ke tsayawa ya ce, ashe da wannan yaron nan yake zuwa makaranta. Sai a ɗauko bututun da ɗan hantsaki, a zura bakinsa ɗaya ta cikin tsagar, a ɗan tura har ya zauna daram. A juya ɗaya kunnen. Duka-duka minti 15 ne ko ƙasa da haka. Ba yanka a waje, ba ɗinki, ba a aske gashi. Yawanci a ranar ake komawa gida, kuma ba abin mamaki ba ne yaro ya toshe kunne da jin ƙarar injin niƙa ko janareta, abin da jiya bai dame shi ba.

Amsar tambayar uwar nan ke nan: 'yar hudar da bututu ke riƙewa ba ta hana tantani motsi. Ruwan ne ke hana shi.

Duk da haka, ba kowane yaro mai ruwa a kunne ake yi wa ba, kuma likitan da ya ga ruwa yau ya ce gobe a shiga tiyata, a nemi jin ta bakin wani. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar a 2013, ta kuma sabunta a 2022, ta ce a jira wata 3 tukuna. In ruwan ya kai wata 3 a kunnuwa biyu, gwaji kuma ya nuna ji ya ragu, to a yi wa iyaye tayin aikin. Game da ciwon nan mai zafi da ke yawan dawowa, ma'aunin shi ne sau 3 cikin wata 6, ko sau 4 cikin shekara. Ko a nan ma sun ce in likita ya leƙa bai ga ruwa kwance ba a ranar da yake dubawa, kada a sa. Don haka yana da kyau uwa ta riƙe takardun asibiti, ko ta sa a rubuta mata ranar kowane ciwo a bayan katin rigakafi, domin "kullum cikin ciwon kunne yake" ba lissafi ba ne da za a yanke hukuncin tiyata a kansa.

Me ya sa ake wannan taka-tsantsan? Saboda an auna an gani. A birnin Pittsburgh, Dokta Jack Paradise da abokan aikinsa sun ɗauki yara 429 'yan ƙasa da shekara 3 masu ruwan da ya daɗe, suka raba su biyu: wasu aka sa musu bututu nan da nan, wasu aka jinkirta watanni, in ruwan bai baje ba sannan a sa. Suka bi su har suka kai shekara 9 zuwa 11, suna gwada maganarsu da karatunsu da fahimtarsu. Ba su sami bambancin a zo a gani ba. A 2021 kuma wani binciken daga wannan birni, ƙarƙashin Dokta Alejandro Hoberman, ya kwatanta yara 250 masu ciwon da ke yawan dawowa: rabi bututu, rabi magani duk lokacin da ciwo ya taso. Cikin shekara 2, yawan tashin ciwon kusan ɗaya ne, ko da yake da dama daga rukunin magani daga baya sai da aka sa musu bututun. An kuma san cewa ribar ji da bututu ke bayarwa ta fi yawa a watannin farko. Zuwa shekara guda tazarar kan ragu, domin waɗanda ba a yi wa ba da yawansu sun warke da kansu.

Na yarda da waɗannan bincike, kuma su ke hana ni gaggawa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sai dai ina so mu lura da su wane ne yaran da aka jinkirta wa aiki a can. Yara ne masu ƙoshin lafiya ta kowace fuska, ana leƙa kunnensu a kai a kai, ana gwada jinsu. Jira irin wannan daban, mantuwa daban. Abin da ke faruwa a wurinmu sau da yawa shi ne a ce wa uwa ta dawo bayan wata 3, kuɗin mota ya gagara, damina ta shigo, sai bayan shekara 2 a sake ganin yaron, tantani ya lotse ya manne da ƙashi. Sannan akwai yaran da ba a jinkirta musu kamar sauran: wanda aka haifa da tsagaggiyar ganɗa, domin naman da ke buɗe kafar iskar bai zauna daidai ba, mai lalurar Down, wanda maganarsa ta riga ta yi jinkiri, makaho, wanda kunne ne idonsa, da wanda dama yana da raunin ji na dindindin. Waɗannan ɗan ragin da wani zai jure, su yana durƙusar da su.

A watannin jiran akwai abin yi da abin bari. Maganin mura na ruwa da ake saya a kemis, da antibayotik kwalba bayan kwalba, ba sa busar da wannan ruwa. Asarar kuɗi ce, ga gudawa, ga koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Yaron da ya kai shekara 4 ana iya koya masa hura wata 'yar balan-balan ta musamman da hanci, wadda ke tura iska ta buɗe kafar, kuma an gwada ta a Ingila an ga tana taimaka wa wasu. Na'urar ƙara ji ma hanya ce ga wanda ba a son yi wa aiki. Malaman makaranta kuwa, abin da ke hannunku ya fi na kemis amfani: a dawo da yaron bencin gaba, a kira sunansa ya juyo kafin a ba shi umarni, a fuskance shi in ana magana, kada a yi masa bayani ana rubutu a allo an ba shi baya.

Bututu yana da nasa wahalhalu, kuma haƙƙin iyaye ne a faɗa musu kafin su sa hannu. Kamar yaro 1 cikin 4 zai yi zubar ruwa ko mugunya ta cikinsa aƙalla sau ɗaya, galibi in ya yi mura. Abin kan tsorata iyaye, amma mugunyar da da za ta taru ta hana shi barci ce ta sami hanya. Maganinta na ɗigawa ne, irin su ofloksasin ko siprofloksasin, na kwana 7 zuwa 10, ba sai an sha ko an yi allura ba. A goge bakin kunnen, a ɗiga, a ɗan danna tsokar da ke gaban ramin sau da yawa domin maganin ya ratsa bututun. A nan akwai haɗarin da nake so kowa ya fita da shi: wasu magungunan ɗigawa da ke kan kantar kemis suna ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin, waɗanda in suka ratsa huda suka kai can ciki suna iya lalata jijiyar ji, lalacewar da ba ta gyaruwa. Kunnen da ke da huda, likita ne kaɗai ke zaɓa masa abin ɗigawa. Man ja, man gyaɗa, ruwan albasa, nonon uwa, duk su tsaya a waje.

Bututun na iya toshewa da busasshen jini ko dauda. Yakan bar ɗan farin tabo a jikin tantani, wanda galibi ba ya taɓa ji. Galibi ba a komawa tiyata don cire shi: tantani da kansa ke turo shi waje sannu a hankali, yawanci tsakanin wata 6 da wata 18, wata rana a gan shi cikin daudar kunne ko a kan matashi, wani ma ba a ganinsa sam, hudar kuma ta rufe. A kamar 2 cikin 100 ba ta rufewa, sai an yi mata faci daga baya. Da wani irin bututu mai dogon zama da ake sa wa masu matsala mai naci, wannan ya fi haka yawa sosai. Wanda ya wuce shekara 2 zuwa 3 bai faɗo ba, likita ya cire shi. Kamar yaro 1 cikin 5 kuma ruwan kan dawo har a sake sa masa. A irin wannan, musamman in ya kai shekara 4, ko yana minshari yana barci baki buɗe, akan haɗa da kankare wata tsoka da ke can bayan hanci, dab da bakin kafar iskar, wadda ake kira adinoyid. Wannan tsoka ba belu ba ce. Ba a ganinta in an buɗe baki, askar wanzami ba ta kai wa gare ta, kuma cire belu ba ya ƙara wa kunne komai.

Ana yawan tambayata batun ruwa. Wanka na yau da kullum ba matsala, shafar kunne a alwala ma haka. Likitocin Turai da Amurka sun sassauta har kan iyo, amma suna maganar ruwan da aka tace aka sa masa magani ne. Yaron da ke da bututu ba shi ba nutso a kududdufi ko rafi. In za a wanke masa kai da sabulu, a murza 'yar auduga da basilin a toshe bakin kunnen, a cire in an gama. Shiga jirgin sama kuwa, ya fi kowa jin daɗinsa, tunda kunnensa ba zai toshe ba.

Na ce zan dawo kan kunnen da ke zuba, domin shi muka fi gani a ƙasar nan, nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2004 cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ne ke fama da shi, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa. Wannan kunne ba ya bukatar bututu, domin tantaninsa ya riga ya fashe, hudar ta ƙi rufewa. Abin da yake bukata shi ne a share shi, a busar da shi, a ɗiga maganin da ya dace, a tsare shi daga ruwa, in ya bushe a duba ko za a yi masa faci. Maganar da ake yi cewa "in ya girma zai daina" ta cinye jin yara da yawa. Gashin kaza da tsinken ashana da ake sakace shi da su ƙara masa ƙwayoyin cuta suke yi. Rufin kunnen tsakiya ɗan siririn ƙashi ne, a samansa ƙwaƙwalwa ce. In aka ga bayan kunne ya kumbura har ya turo kunnen gaba, ko baki ya karkace, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a kama hanyar asibiti a daren, domin yana iya zama sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa.

Na san masu wannan aiki ba su da yawa. Rahoton ji na duniya da Hukumar Lafiya ta fitar a 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko likitan kunne 1 ga kowane mutum miliyan 1. Amma akwai inda za a dosa. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Abin da zan so in gani shi ne 'yar tocilar duba kunne a kowace ƙaramar cibiyar lafiya, da ma'aikacin da aka koya wa bambance tantani mai lafiya da mai ruwa. Wannan kaɗai zai rage mana rabin tafiyar.

Ta fuskar kariya abubuwan sanannu ne. Nonon uwa zalla wata 6. Kada a ba jariri bulunboti yana kwance rigingine. A nisanta shi da hayaƙin taba, da na icce in ana girki a rufaffen madafi da goyo a baya. A cika alluran rigakafi: ta ƙyanda a wata 9, da ta ciwon huhu da Najeriya ta fara bayarwa a ƙarshen 2014, domin ƙwayar cutar da take karewa tana cikin manyan masu haddasa ciwon kunne.

Saura manya. Su ma ana sa musu bututun, kuma nasu ya fi sauƙi, a zaune a kujerar asibiti, a kashe zafin wurin kawai ba sai an sa su barci ba. Sai dai babba ba kamar yaro ba ne, kafar iskarsa ta gama girma, ba ta toshewa haka siddan na tsawon lokaci. Babban mutum da kunnensa ɗaya ya toshe da ruwa makonni bai buɗe ba, musamman in akwai haɓo, ko toshewar hanci gefe guda, ko ƙullutu a wuya, kada ya tsaya ga zuƙe ruwan. Ya nemi a zura madubi a leƙa bayan hancinsa, domin akwai ciwon daji da ke tsirowa daidai bakin kafar nan, kuma sau da yawa toshewar kunne ɗaya ce alamarsa ta farko. In an kama shi da wuri yana jin magani ƙwarai.

Shugaba, nan zan dakata. Na ga iyaye mata da dama sun zo da yara, kuma mun taho da abin duba kunne. Bayan tambayoyi, duk mai so ya kawo nasa mu leƙa.